Ni Na Ce a Haɗa Makarantun, Ni Kuma Na Karya Hannun Ɗana

Malama mai filin shawara, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da za ki ji kin tsane ni a tsakiyarta. Ni kafinta ne, shekarata arba'in da tara, ban iya tsara magana ba, kuma ban taɓa kai kukana gaban kowa ba. Yau kwana goma sha tara rabon babban ɗana da gidana, kuma ni na kore shi da hannuna.

'Ya'yana uku ne. Babban muna ce masa Dogo, shekararsa goma sha takwas, yana ajin ƙarshe na sakandare. Mai bi masa mace ce. Sai Auta, ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda ya gama firamare bana ya shiga ajin farko a makaranta ɗaya da yayyensa.

Da can ba haka tsarin yake a wajenmu ba. Muna da makarantar tsakiya, ɗan gini mai aji shida a bayan kasuwa. Yaro in ya gama firamare sai ya yi shekara uku a can cikin sa'anninsa, sannan ya wuce babbar sakandare. Shekara biyar da suka wuce aka kawo shawarar a rufe ta, a kwashe yaran a kai su harabar babbar. Gaskiya rufinta yana yoyo, malamai ba su isa ba, malamin lissafi ɗaya ne yake zirga-zirga tsakanin makarantun biyu a kan keke. Aka kira taron iyaye. Wasu mata suka ce su ba su yarda a zuba musu 'yan shekara goma sha ɗaya cikin masu gemu ba. Ni ne na miƙe na ce ai ko a shagona babba ne ke koya wa ƙarami riƙon zarto, haka duniya take, babba ya ja ƙarami. Na ce masu tsoron nan so suke su shagwaɓa 'ya'ya kawai. Aka tafa mini. Wata mata mai sayar da kayan miya ta ce mini, malam kafinta, ai katako ba ya kuka. Aka yi dariya, ni ma na yi. Aka haɗa makarantun.

Lokacin Dogo yana da shekara goma sha uku, yana cikin waɗanda aka kwasa. Ba a yi wata biyu ba ya zo mini shago wata rana da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa har sai da na ɗago kai. Ya ɗaga rigarsa ya juya mini baya. Wayar wuta aka yi masa duka da ita, fatar ta tsage a ƙasan kafaɗa, rigar ta manne da jinin. Ina cikin auna wata ƙofa a lokacin, fensir a bakina. Na duba, na ce masa namiji ba ya kai ƙara, haka kowa ya yi karatu, wata rana kai ma za ka girma ka yi. Na ce ya ɗauki tsintsiya ya share garin katako. Ya share. Tun daga ranar bai sake kawo mini ƙarar kowa ba, ni kuma na ɗauka abin ya wuce. Ya yi tsawo, ya zama marar yawan magana. Bana aka ba shi muƙamin mai ladabtar da ɗalibai, aka ba shi usur da bulala. Har na fita na ba maƙwabcina mai walda labari ina alfahari.

Abin da ya faru a makarantar ban gani da idona ba, daga baya na tattara shi daga bakin yara. A can bayan azuzuwa akwai famfo da banɗakuna, nesa da ɗakin malamai. Nan manyan ke tara ƙananan da suka makara, lokacin hutun safe, su sa su durƙusa a kan tsakuwa, hannu sama, kowane hannu da dutse. Wata Talata Auta yana cikin waɗanda suka makara. Ki gane, Malama, yaron nan a gida a bayan Dogo ya girma. Kwano ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana, Dogo ne ya koya masa hawan keke. Da ya ga yayansa ne riƙe da bulala sai ya yi dariya ya ce, Yaya, har da ni? Ya ajiye duwatsun zai miƙe. Abokan Dogo suka fashe da dariya, wani ya ce ashe dokar ta 'ya'yan wasu ce. Sai Dogo ya kira Auta gabansa. Ya haɗa tafukansa biyu ya buga masa a kunnuwa lokaci ɗaya, ya ƙara masa wani a na hagu. Yaron ya faɗi, bakinsa ya daki simintin famfon, haƙori ya gutsure. Bai bar shi haka ba, ya karɓi waya a hannun wani ya zuba masa shida a baya, sannan ya ce ya wanke fuska ya koma aji.

Da Auta ya dawo gida ya ce wajen ƙwallo ya faɗi. Muka yarda. Kwana uku yana yawo da abin, ana yi masa magana yana ce me, uwarsa tana yi masa faɗan rashin ji. Ranar ta huɗu da safe ta je tashinsa ta tarar matashin kansa ya jiƙe da jini da mugunya, jikinsa kamar garwashi. Dogo ne ya goya shi har bakin titi muka samu mota. Likita ya haska kunnen ya ce dodon kunnen hagu ya fashe kuma ya ruɓa, ya ce wannan ba faɗuwa ba ce, mari ne. Ya sa aka cire masa riga, muka ga shatin waya guda shida. Aka yi juyin duniya yaron nan ya faɗi wanda ya yi masa, ya ƙi. A barandar asibitin na rantse da babbar murya cewa duk wanda ya yi wannan sai na karya masa hannun da ya yi shi da shi. Dogo yana tsaye kusa da ni, riƙe da takalman ƙaninsa.

Ranar Litinin na tafi makarantar, na ce Dogo ya biyo ni, tunda shi ne mai ladabtarwa shi zai taya ni nemo mai laifin. Muka taka har can. A ofishin shugaban makaranta aka kira malamar ajin su Auta, wata matashiya. Ta ce sau uku tana rubuta takarda a kan abin da ake yi a bayan famfon nan, ba a yi komai ba. Na ce ni ba takarda ta kawo ni ba, suna nake so. Ba ta faɗi suna ba. Ta dubi Dogo kawai, ta sunkuyar da kai. Sai na ji muryarsa a bayana ya ce, ni ne, Baba.

Na miƙe na yi wa malaman sallama. Har godiya na yi musu. Na sa shi gaba muka wuce shago, ranar ban buɗe ba, babu kowa. Na sa sakata ta ciki. Akwai wata ƙafar benci ta katako mai nauyi da na yanka ban haɗa ba, ita hannuna ya faɗa a kai. Malama, ban san adadin da na yi masa ba. Na doke shi a baya, a cinya, a haƙarƙari. Ya faɗi a kan garin katako na bi shi. Ɗaya ta same shi a ka, jini ya rufe masa ido. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, na sauke masa a kai, na ji ƙara. Shekara talatin ina aikin katako, na san ƙarar katako in ya karye, wannan ba ita ba ce. Kuma abin da ya fi ci mini rai, da na ji ƙarar ban tsaya ba. Sai da mai walda ya ɓalle ƙofar da ƙarfe ya rungume ni ta baya, muka zube tare.

Dogo bai yi kuka ba, ko sau ɗaya bai ce in yi haƙuri ba. Ya ja jiki ya jingina da bango, hannun yana lilo. Ya sa hannun hagu ya ja rigarsa sama, ya juya mini tsohon tabon nan na ƙasan kafaɗa. Ya ce, Baba, ka ce in na girma ni ma zan yi, to na girma.

Ƙashi biyu ne suka karye a bayan hannun, da tsagewa a wuyan hannu. Ɗinki biyar aka yi masa a ka. Jarrabawarsa ta fita saura sati shida, kuma da daman yake rubutu. Kawunsa, wan matata, shi ya ɗauke shi daga asibiti ya wuce da shi gidansa. Ya ce mini ba don ƙanwarsa ba da 'yan sanda zai kira mini. Na ce masa da ya kira da bai yi laifi ba.

Gidana yanzu kamar gidan makoki. Uwarsu tana ajiye mini abinci ta juya, ba ta dubana. Magana ɗaya ta yi mini tun ranar, ta ce maza biyu ta haifa lafiyayyu, in dubi yadda muka mayar mata da su. Auta ba ya ji sosai da kunnen hagu, in an yi magana sai ya karkato da kai. Likita ya ce mai yiwuwa dodon kunnen ya haɗe da kansa cikin wata biyu ko uku, in bai haɗe ba sai an yi aiki. In yaron ya ga rigar makaranta da safe sai amai. Kullum tambayarsa yaushe Yaya zai dawo, kuma ya ce laifinsa ne, da bai yi dariya ba da duk haka ba ta faru ba. Ni kuma ina zuwa shago in zauna, in ɗauki guduma in ajiye. Sau huɗu ina zuwa layin gidan kawun nasa, in hango ƙofar in juyo.

Ga kuma abin da ya sa na rubuto yanzu. Malamar ajin su Auta da wasu iyaye suna tara sa hannu a sake buɗe makarantar tsakiya, a raba ƙananan da manyan. An sa taro Asabar ta sama. Ta zo har shago ta ce tunda maganata ce ta rinjayi mutane wancan karon, in na miƙe na faɗi abin da ya same ni za a saurara. A ranar ne kuma kwamitin makaranta zai yanke hukunci ko a kori Dogo. Ni zuciyata ta rabu. Mai walda ya ce shi a makarantar tsakiya ya yi karatu, kuma 'yan shekara goma sha huɗu sun ci zalinsa kamar jaki, don haka gini ba shi ne magani ba. 'Yata kuma ta zauna tana kuka, ta ce in an raba su ina za su samu ɗakin gwaje-gwaje da malamar kimiyyarsu. Ta tuna mini cewa da can yara mata da yawa daga makarantar tsakiya suke tsayawa, don sai an sake neman gurbi a babbar, iyaye kuma su ce ya isa haka. Shugaban makaranta shi ma ya ce ko an buɗe ba shi da malaman da zai raba biyu.

Malama, haɗa makarantun ne ya jawo mini wannan, ko ni ne? In miƙe a gaban mutanen da suka tafa mini in ce na yi kuskure, in tona asirin gidana? In roƙa wa Dogo kada a kore shi, alhali kunnen ƙaninsa yana zubar da ruwa? Kuma da wane ido zan dube shi? Ki faɗa mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Naki cikin damuwa,
Uban Dogo

Baban Dogo, na karanta wasiƙarka har ƙarshe kuma ban tsane ka ba. Na tausaya wa gidanka gaba ɗaya. Amma ka nemi gaskiya, to ga ta.

Abin da ka yi a shago da abin da Dogo ya yi a bayan famfo abu ɗaya ne. Mai ƙarfi ya keɓe marar ƙarfi inda ba mai ceto, ya huce a kansa, ya kira abin horo. Shi yana da shekara goma sha takwas da abokai suna zuga shi. Kai kana da arba'in da tara, kuma ka yi tafiya daga makaranta har shago, lokacin da ya isa zuciya ta sauka, sannan ka sa sakata. Ba na faɗa don in ƙara maka ciwo ba. Na faɗa ne don in ka je wurinsa kada ka tafi da tunanin cewa kai hukunci ka yi da ya ɗan wuce gona da iri.

Kuma ka je. Kada ka aika a kira shi, kada ka tura uwarsa, kada ka jira ranar taro. Gobe ka shiga ƙofar da kake hangowa. Ka fara gaida kawunsa ka gode masa, don ya yi maka abin da ɗan'uwa ke yi. Sannan ka zauna da ɗanka ka ba shi haƙuri a kan abu biyu, hannun da ka karya da bayan da ya nuna maka yana ɗan shekara goma sha uku ka miƙa masa tsintsiya. Kada kalmar amma ta fito daga bakinka a zaman nan. Uba ya ba ɗansa haƙuri ba ya rage masa girma. Mai yiwuwa ya ƙi dubanka, mai yiwuwa ya tashi ya bar ɗakin. Ka koma jibi. Kada ka matsa masa ya dawo gida, ya zauna wurin kawun har ya ji zuciyarsa ta yarda. Kai kuma ka samu wani babba da kake jin nauyinsa, ko likitan da ke duba irin wannan, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, cewa ka ji ƙarar ƙashi ba ka tsaya ba. Wannan fushin yana bukatar a duba shi kafin ya sake samun wani.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, ni zan yi maka. Tun da aka ba Dogo bulala, yara nawa suka durƙusa a kan tsakuwar nan? Da kunnen ɗan wani ne ya fashe, da ka je makaranta? Wanzami ba ya son jarfa. Dogo yana da haƙurin da zai ba ƙaninsa, kuma yana da wanda zai ba 'ya'yan mutane. In hankalinsa ya kwanta ka faɗa masa haka, a hankali. Abin da aka yi masa yana ƙarami ya bayyana yadda ya kai nan, amma bai wanke shi ba. Duk da haka yaron da ya goya ƙaninsa zuwa asibiti, ya kuma buɗe baki ya ce ni ne alhali ya ji rantsuwarka, bai lalace ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Don haka ka roƙa masa a gaban kwamiti, amma kada ka roƙa a yafe kamar ba a yi komai ba. A karɓe muƙamin, a yi masa hukuncin da dokar makaranta ta tanada, a bar shi ya rubuta jarrabawarsa. Korar sa saura sati shida ba za ta ɗinke kunnen Auta ba, kuma sauran da suka yi dariya suka miƙa waya suna nan. Ka je da takardar likita tun yanzu ka tambayi shugaban makaranta wane tanadi ake yi wa ɗalibin da ya karye a hannun rubutu, ko ƙarin lokaci ko mai rubuta masa. Irin wannan ba a bari sai ranar ta zo.

Auta kuma a kiyaye duk ranar da likita ya sa, kada ruwa ya shiga kunnen, kada a ɗiga masa komai da ba a rubuta ba. Ka zaunar da shi ka faɗa masa da bakinka cewa dariyarsa ba laifi ba ce, laifin na manya ne, kai da yayansa da makarantar da aka rubuta wa takarda uku ta yi shiru. Kada a ja shi makaranta da ƙarfi yana amai. Malamar ajinsa mai hankali ce, ku shirya da ita ya koma a hankali, ta zaunar da shi inda kunnen dama zai fuskanci allo. In yana son ganin yayansa a kai shi. Matarka kuma ka bar ta da fushinta, tana da gaskiya. Abin da za ta ga kana yi ne zai sauko da ita.

Sai maganar makarantun. Na yi shekara ashirin da biyu ina koyarwa kafin in zauna a kujerar nan, na koyar a haɗaɗɗiya na koyar a rababbiya. Ra'ayina shi ne yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha huɗu yana bukatar wurinsa. Ya fita daga ƙuruciya bai kai samartaka ba, jikinsa yana sauyawa, kuma duk wanda ya girme shi da shekara biyar gani yake kamar sarki ne. A makarantar tsakiya yakan samu malaman da suka san shi da suna, ya kuma ɗanɗana zama babba yana da shekara goma sha huɗu, lokacin da hannunsa bai yi nauyin fasa kunne ba. Matan da suka yi magana a taronku na farko sun hango abin da ba ka hango ba.

Amma mai walda bai yi ƙarya ba, 'yarka ma ba ta yi ba. Na ga makarantar tsakiya da ake cin zali a cikinta, don an bar bulala a hannun ɗalibai an kuma bar lungu ba mai dubawa. Na kuma ga yara, musamman mata, da karatunsu ya tsaya a daidai inda ake sauya makaranta. In aka buɗe tsohon ginin da rufi mai yoyo da malamin lissafi a kan keke, an sauya matsala ne da wata. Saboda haka in ka miƙe kada ka ce a raba kawai ka zauna. Ka ce in za a raba, a gyara ginin, a ba shi malamansa, kuma duk yaron da ya gama ya wuce babbar kai tsaye ba tare da sake neman gurbi ba. In hakan ba zai samu bana ba, a raba su a cikin harabar da suke, ƙananan da ƙofarsu da banɗakinsu da famfonsu da lokacin hutunsu da malamin da ke shugabantarsu, ɗakin gwaje-gwaje kuma a riƙa shiga bi da bi. Wannan ba ya bukatar sabon gini. Abin da ba zai jira ko sati ɗaya ba shi ne a karɓe bulala daga hannun kowane ɗalibi, a kuma sa malami a bayan azuzuwan nan duk lokacin hutu. Ko an raba ko ba a raba ba, ɗalibi ba ya hukunta ɗalibi.

Ka tambaya ko haɗa makarantun ne ko kai ne. Duka biyun ne, kuma naka kason shi ne wanda yake hannunka. Ka miƙe a taron. Mutumin da aka tafa wa, in ya dawo ya ce na yi kuskure, maganarsa ta fi ta mutum goma nauyi. Sai dai labarin ba naka kai kaɗai ba ne. Kafin Asabar ka tambayi matarka da Dogo abin da suka yarda ka faɗa, abin da suka ce a rufe ka rufe. Naka laifin kuwa kana da ikon faɗinsa duka.

Allah ya ba Auta lafiyar kunnensa, ya haɗa ƙashin Dogo ya ba shi sa'ar jarrabawa, ya sanyaya zuciyar uwarsu, kai kuma ya ba ka ƙarfin shiga ƙofar nan gobe da safe.

Malamarku